Rigimar kasuwanci a Kaduna: abin da lauya zai iya yi wa kamfani, da inda ƙarfinsa ya tsaya

A shekarar 2020 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a wata shari'a da ta faro daga kotun majistare a nan Kaduna, kuma abin da aka yi ta ja-in-ja a kansa ɗan raƙumin dawa ne. An yi ciniki da wani mutum zai samo dabbar a kai ta jihar Ribas, aka zuba masa naira miliyan 3.5, lokaci ya cika bai kawo ba. Masu kuɗi suka yi abin da mafi yawan 'yan kasuwarmu za su yi, suka garzaya wurin 'yan sanda. Aka gurfanar da shi kan zamba da cin amana, majistare ya same shi da laifi, Babbar Kotu ta tabbatar, Kotun Ɗaukaka Ƙara ma haka. Da magana ta isa Abuja sai Kotun Ƙoli ta rushe komai, ta ce wannan saɓa alkawarin ciniki ne, kuma karɓar bashi ba aikin ɗan sanda ba ne. Aka sallame shi.

Doka ba ta ɓoye wannan ba. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya, kuma tun kafin ita sashe na 8 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ya faɗi haka. A 2018 Kotun Ƙoli ta gaya wa EFCC irin wannan magana a wata shari'a da ta shafi bankin Diamond. Wanda ya sa aka tsare abokin cinikinsa a kan bashi yana iya wayar gari an maka shi a kotu kan take haƙƙin ɗan'adam, alƙali ya ce shi da 'yan sandan su biya diyya. Sai ga mai bin bashi ya koma wanda ake bi.

To me ya sa har gobe caji ofis cike yake da rigimar buhunan masara da kuɗin kwangila? Ba jahilci ba ne, ɗan kasuwa ya san lissafi. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a cikin 2024 ta haura 1,500. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a ƙididdigar hukuma. Wanda yake bin miliyan 20 tun 2022, idan kayan waje yake sarowa, ko yau aka ƙirga masa kuɗinsa cif ba za su sayo masa rabin abin da ya bayar ba. Kuɗin ruwan da kotu kan ɗora bayan hukunci galibi kashi 10 ne a shekara, kuma Alhazai da yawa cewa suke kada lauya ya nemi ko kwabo na ruwa, su uwar kuɗinsu kawai suke so. Irin wannan mutumin kowane wata da ya wuce asara ce tsagwaronta. Shi ya sa yake neman wanda zai kawo masa mai cin bashin yau da daddare.

A nan nake ganin ya kamata a auna duk wani taimako da lauya zai yi wa kamfani ko ƙungiya. Tambayar da ake shiga ofishinsa da ita ita ce, "Za mu ci shari'ar?" Tambayoyin da suka fi ta amfani su ne: yaushe kuɗin za su shigo, nawa za su rage bayan an cire ɗawainiya, kuma daga aljihun wa za a ciro su?

Akwai dai inda laifi yake laifi. Wanda tun farko ya karɓi kuɗi da ƙaryar yana da kayan da ba shi da su, damfara ya yi. Wanda ya ba da cek aka kai banki cikin wata uku ya dawo babu kuɗi a asusu, dokar 1977 ta tanadar masa ɗaurin shekara biyu ba zaɓin tara. Rarrabe waɗannan da bashin da ya maƙale kawai yana cikin ayyukan farko na lauya, kuma na kirki zai gaya maka gaskiya ko da ranka na tafasa.

Abin da ake dubawa kafin a ambaci kotu

A ɗauka wani kamfanin sayen hatsi a Saminaka ya kai masara tirela uku wata masana'antar abincin kaji a Kudenda. An biya ɗaya, biyu sun maƙale wata takwas, manaja kullum sai ya ce mako mai zuwa. Mai kamfanin ya shiga ofishin lauya yana huci.

"Barista, mutanen nan sun ci amanata. So nake a yi musu abin da za su gane kurensu."

"Allah ya huci zuciyarka, Alhaji. Wa ya sa hannu a takardar karɓar kaya?"

"Yaron sito ne."

"Da hatimin kamfani?"

"Akwai tikitin sikeli dai. Da saƙon da manajan ya turo mini a WhatsApp yana ba ni haƙuri."

"Wayar tana nan? To kada a sayar da ita, kada a goge komai."

Wannan saƙon ban haƙurin yana iya fin duk wani shaida da Alhaji zai kawo daraja, domin amsa bashi ne daga bakin mai shi. Amma ba a miƙa wa alƙali waya kawai a ce ya karanta. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce duk hujjar da ta fito daga kwamfuta ko waya sai an nuna na'urar tana aiki daidai a lokacin, yawanci ta hanyar takardar shaida da mai kula da ita ya sa wa hannu. Hujjoji masu ƙarfi sun sha faɗuwa saboda rashin wannan 'yar takarda. Tikitin sikeli kuwa shi zai toshe hanyar da masana'anta za ta so bi, domin da an matsa mata cewa za ta yi masarar da danshi ko buhunan ba su cika ba. A dokar sayar da kaya, wanda ya karɓi kaya ya ajiye, ya niƙa, ya ci gaba da harkarsa bai yi ƙorafi a kan lokaci ba, ana ɗauka ya amince da su. Bayan wata takwas ba zai tuno da danshi ba.

Abin mamaki, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Duk mun san ta. Amma ka ce wa abokin cinikinka na shekara goma ya sa hannu, sai ka ji kamar ka zage shi. Kunyar nan ita ke ciyar da lauyoyi da yawa a garin nan.

Sai tambayar wa ake bi. Mutane suna haɗa sunan kasuwanci da kamfani, alhali a doka sun sha bamban. Shagon da aka yi wa rajistar suna kawai a Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, ba mutum ba ne a idon kotu, mai shi ake ƙara, kuma gidansa da motarsa suna cikin abin da za a iya taɓawa. Kamfanin da ke da Ltd a ƙarshen sunansa shi ne mai cin bashin da kansa. Darakta yana iya yawo a sabuwar jif kamfaninsa kuwa ba shi da ko kujera, kuma ba za ka taɓa jif ɗin ba sai in ya rubuta cewa ya tsaya wa bashin da kansa, ko an tabbatar ya fake da kamfanin ne don yin zamba. Dokar kamfanoni ta 2020 ma ta ba mutum ɗaya damar kafa irin wannan kamfani shi kaɗai. Saboda haka lauya zai bincika CAC ya ga ainihin sunan, da daraktoci, da ko an riga an jinginar da kadarorin ga banki. Idan an jinginar, banki ne a gabanka a layi.

Na uku, lokaci. Bashi yana tsufa a kotun boko. Dokar jihar Kaduna ta ba da shekara 5 a shigar da ƙarar da ta shafi yarjejeniya, Legas ta ba da 6. Idan wa'adin ya wuce, gaskiyarka tana nan amma kotu ba za ta saurare ka ba. Abin da ke sabunta ƙirgen shi ne mai cin bashi ya amsa a rubuce ko ya biya wani abu daga ciki. Masu haƙuri su wannan doka ta fi cutarwa, waɗanda suka yi ta jira don kada zumunci ya ɓaci.

Bayan wannan sai wasiƙar neman biya, mai ɗauke da adadi da wa'adi. Takarda ce guda, amma rigingimu da yawa a nan suke mutuwa, musamman idan ɗaya ɓangaren ya ga an haɗa hujjoji tsaf.

Sulhu, amma mai haƙora

Kafin a san lauya, kasuwanninmu suna da masu raba gardama. A kasuwar Sheikh Abubakar Gumi akwai shugabannin layi, a Panteka akwai ƙungiya, a kasuwannin hatsi akwai sarkin dillalai. Hukuncinsu yana ci ne saboda kowa ya san kowa, kuma wanda ya bijire gobe ba mai ba shi kaya bashi. Wannan tsari yana aiki har yau, kuma ban ga dalilin da zai sa a raina shi ba. Inda yake karyewa shi ne idan abokin rigimar baƙo ne: kamfanin Legas, banki, ma'aikatar gwamnati, ko ɗan kasuwar Sin da aka haɗu da shi a intanet. Sarkin dillalai ba shi da abin da zai tsorata su da shi.

Gurbin da cibiyoyin sulhu na kotu suka zo cikewa ke nan. Legas ce ta fara a 2002, Abuja ta biyo a 2003, Kano a 2009, kuma sashen shari'a na Kaduna ma yana da tasa. Ana iya zuwa kai tsaye ba tare da an shigar da ƙara ba, alƙali ma yana iya turo shari'ar da ke gabansa. Mai shiga tsakani ba ya yanke hukunci. Zama yake da kowane ɓangare, wani lokaci a ɗaki daban-daban, har a samu adadin da kowa zai iya haɗiyewa. Idan aka rubuta aka sa hannu, alƙali ya amince, ya zama hukuncin kotu, ana iya zartar da shi da ƙarfin hukuma.

Dokar tahkimi (wato naɗa mai yanke hukunci a wajen kotu) da sulhu da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 26 ga Mayun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta ƙara wa wannan hanya nauyi. Abin da aka faɗa a zaman sulhu sirri ne, ba za a ɗauke shi a kai kotu a matsayin hujja ba, don haka mutum yana iya cewa "zan iya biyan kaza" ba tare da tsoron ya ɗaure kansa ba. Kuma wa'adin shigar da ƙara yana tsayawa muddin ana zaman. Ƙa'idojin aikin lauyoyi sun wajabta wa lauya ya sanar da wanda yake wakilta cewa akwai wannan hanya kafin ya kai shi kotu. Wanda bai taɓa ambata maka ita ba, ka tambayi kanka wa doguwar shari'a za ta amfana.

Aikin lauya a zaman sulhu a rubutun yake. Masana'antar Kudenda ta ce za ta biya kashi huɗu cikin wata huɗu. Madalla. Idan ta tsallake kashi na biyu fa? Yarjejeniya mai kyau za ta ce da an saɓa sau ɗaya duk ragowar ya wajaba nan take, ta sa darakta ya tsaya wa bashin da sunansa, in da hali a riƙe wata kadara. Dokar 2017 ta ba da damar a yi rajistar jinginar kayan da ake iya ɗauka, kamar injin ko mota ko kayan sito, a rajistar da ke ƙarƙashin Babban Banki. Ba tare da irin waɗannan ba, sulhu yakan zama hanyar da mai cin bashi ke sayen wata shida kyauta.

Tahkimi wani abu ne daban, kuma ana yawan rikita su. A tahkimi ɓangarorin biyu ne ke naɗa wanda zai saurare su ya yanke hukunci mai ɗaurewa, kamar alƙalin da aka ɗauko haya. Ba a tilasta wa kowa, sai in an rubuta shi a yarjejeniya ko an amince bayan rigima ta tashi. Amma idan an rubuta, an rubuta: ka ruga kotu, ɗaya ɓangaren ya nuna sharaɗin a kan lokaci, alƙali zai dakatar da shari'ar ya ce ku koma inda kuka yi alkawari. A dokar 2023, idan ba a faɗi adadin masu hukunci ba mutum ɗaya ne, a tsohuwar doka uku ne, kuma wannan ya rage tsada sosai. Ta kawo mai hukuncin gaggawa da za a iya naɗawa ya hana a kwashe kaya kafin a fara zama, ta kuma halatta wani na waje ya ɗauki nauyin shari'ar don a ba shi kaso. Ba a ɗaukaka ƙara don kawai mai hukunci ya yi kuskuren fahimta. Babbar ƙofar da ta rage ita ce a nemi kotu ta soke hukuncin cikin wata uku, bisa dalilai ƙalilan kamar rashin ba wa mutum damar kare kansa.

Wannan rashin ɗaukaka ƙara shi ne daɗinsa, shi ne kuma haɗarinsa. Najeriya ta ɗanɗana a rigimarta da kamfanin P&ID kan kwangilar iskar gas ta 2010. A 2017 masu tahkimi a Landan suka ce ta biya dala biliyan 6.6, kuɗin ruwa ya yi ta hawa har ya haura biliyan 11, sai a Oktoban 2023 wata kotun Ingila ta soke hukuncin saboda an same shi ta hanyar zamba. Ƙasa guda ke nan, da manyan lauyoyi, ta sha da ƙyar.

Ga mai fitar da citta daga Kachia ko mai shigo da injuna ta tashar tsandauri ta Kakuri da aka buɗe a 2018, tahkimi ya fi kotu nesa ba kusa ba. Hukuncin Babbar Kotun Kaduna da wuya ya yi maka amfani a Guangzhou ko Dubai, amma hukuncin tahkimi ana iya zartar da shi a ƙasashe sama da 170 da ke cikin yarjejeniyar New York ta 1958, wadda Najeriya ta shiga a 1970. Ga cinikin cikin gida na miliyan 10 ko 15 kuwa sau da yawa bai dace ba, domin ku za ku biya mai hukunci, ku biya wurin zama. Mafi muni shi ne yarjejeniyar da aka kwafo daga intanet, ka ga kwangilar kai yashi Rigachikun an rubuta za a warware rigimarta a Landan.

Kotu, da wace kotu

Idan ba makawa sai kotu, kuskuren da ya fi tsada shi ne shiga wadda ba ta da hurumi, domin ana iya tayar da wannan magana a kowane mataki, ko a Kotun Ƙoli, kuma idan ta tabbata duk shekarun da aka kwashe sun tafi a banza. Misalin da ake koyar da ɗaliban lauya da shi ma daga garin nan ya fito. Wani ɗan kasuwa ya biya kuɗin gwangwanaye a matatar mai ta Kaduna, KRPC, kafin a ba shi kaya aka ƙara farashi. Ya kai ƙara Babbar Kotun Tarayya tunda kamfanin na gwamnatin tarayya ne. A 2005 Kotun Ƙoli ta ce a'a, rigimar ciniki zalla ta Babbar Kotun Jiha ce ko da wa ake yi.

A taƙaice, bashi da saɓa kwangila na Babbar Kotun Jiha ne, wadda ke kan titin Bida, ko kotun majistare idan kuɗin ba su da yawa. Sashe na 251 na tsarin mulkin 1999 ya keɓe wa Babbar Kotun Tarayya abubuwa kamar rikicin cikin kamfani tsakanin masu hannun jari da daraktoci, rushe kamfani, kwastan, satar tambari da haƙƙin mallakar fasaha. Rigima da ma'aikaci ta Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce, tana da reshe a Kaduna. Ƙorafin haraji yana da kotunsa ta musamman, kuma ta shiyyar Arewa maso Yamma a Kaduna take zama. Wanda banki ya yi wa cirar da ba ta dace ba yana iya fara rubuta wa bankin, in bai gamsu ba ya kai sashen kare abokan hulɗa na Babban Banki, ba ko sisi.

Kotunan Shari'a, waɗanda suka maye gurbin kotunan yanki tare da na gargajiya tun gyaran gwamnatin Ahmed Makarfi a 2001, suna sauraron bashi tsakanin Musulmi biyu, kuma 'yan kasuwa da yawa sun fi sakin jiki a Magajin Gari fiye da titin Bida. Ana magana da Hausa, ƙa'idar sananniya ce, hujja a kan mai da'awa, rantsuwa a kan wanda ya musa. Sai dai sashe na 277 na tsarin mulki ya taƙaita Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga aure, gado, wasiyya, kyauta, waƙafi da riƙon yara. Idan aka ɗaukaka ƙarar ciniki, Babbar Kotu za ta koma. Lauyan da bai lura da wannan ba zai kai ka inda za a rushe nasararka.

Ƙananan kurakurai ma suna kashe shari'a. A 2007 Kotun Ƙoli ta ce takardar kotu da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi, ba sunan lauyan kansa ba, ba ta da inganci, ta sake jaddadawa a 2012, kuma shari'o'i masu yawa sun rushe a kan haka. Sammacin da za a kai wa wanda ke wata jiha sai an yi masa wani rubutu na musamman, a ba shi aƙalla kwana 30. Mai karatu zai ce shari'a saɓanin hankali. Haka ne, amma da waɗannan ƙa'idoji ake wasan, kuma lauyan mai cin bashi ya haddace su.

Ba kowace ƙara ce ke daɗewa ba. Idan adadin bashi a fili yake kuma akwai takardu, ƙa'idojin Babbar Kotu sun tanadi gajeriyar hanya: a haɗa hujjoji da takardar rantsuwa, wanda ake ƙara ya nuna yana da kariya ta gaskiya, in ba shi da ita a yanke hukunci ba tare da kiran shaidu ba. Masarar Saminaka irin wannan hanya ta dace da ita. Akwai kuma kotunan ƙananan basussuka da Legas ta fara a 2018, Kano ta biyo a 2019, da iyakar naira miliyan 5 a lokacin, da burin gamawa cikin kwana 60, kuma jihohi da dama sun bi sahu. Amma da zarar shari'a ta shiga cikakken sauraro, sai a ɗaura ɗamarar shekaru. Ana ɗage zama, ana ɗauke alƙali zuwa kotun zaɓe, idan ya yi ritaya a tsakiya a faro daga farko, ana ɗaukaka ƙara a kan ƙaramin umarni don a ja lokaci. A 2021 yajin aikin ma'aikatan shari'a ya rufe kotunan ƙasar nan sama da wata biyu.

Ranar da aka ci shari'a

Ranar hukunci Alhaji zai fito yana murna, ana ta yi masa barka. Washegari zai gane takarda ce a hannunsa. Kotu ba ta ƙirga wa kowa kuɗi.

Hanyar da ta fi sauri ita ce wadda lauyoyi ke kira ganishi: a nemi kotu ta umarci bankunan da mai cin bashi ke ajiya su riƙe kuɗinsa, su zo su faɗi abin da ke ciki. Ana ba da umarnin farko ba tare da saninsa ba, a isar da shi aƙalla kwana 14 kafin zama, sannan a ba da na ƙarshe banki ya biya. Shi ya sa lauya mai wayo yake adana lambar asusun da aka turo kuɗin tirelar farko. Idan asusu wayam ne, sai ma'aikatan kotu su kwashe kaya a yi gwanjo, kuma gwanjo ba ya kawo farashin kirki. Shi kuwa wanda aka kayar zai ɗaukaka ƙara ya nemi a dakatar da zartarwa. A nan lauyanka zai roƙi kotu ta sa sharaɗin a ajiye kuɗin a asusu mai kawo riba har a gama.

Wasu suna barazanar neman a rushe kamfanin da ya ƙi biya bayan an ba shi wa'adin mako uku. Yana girgiza masu kamfani, amma kotuna ba sa yarda a yi amfani da shi idan akwai jayayya ta gaskiya a kan bashin.

Idan gwamnati kake bi, lissafin ya sake canzawa. Sashe na 84 na dokar zartar da hukunci ya ce kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati ba a taɓa su sai da izinin Antoni Janar, wato lauyan gwamnatin da kake bi. 'Yan kwangila da yawa suna riƙe da hukunci na shekaru saboda wannan sashe. Ga irinsu, sulhu a kan biya kashi-kashi sau da yawa ya fi hukuncin da za a rataya a bango.

Duk wannan yana nufin binciken abin da abokin rigima ya mallaka a farkon tafiya ake yin sa, kafin a kashe ko naira ɗaya a kan shigar da ƙara. Wani bashin, shawarar da ta fi dacewa ita ce a karɓi kashi 70 yau. Wani kuma a yafe, a rufe littafi, a daina ba mutumin kaya.

Saura maganar kuɗin lauya, wadda ake jin nauyin yi. Hukumar ba da tallafin shari'a ta gwamnati don talakawa aka kafa ta, kamfani ba ya ciki, kuma a Babbar Kotu kamfani ta bakin lauya yake magana. Tun 2023 akwai umarnin da ya ƙayyade mafi ƙarancin abin da lauya zai caja, gwargwadon jiha da shekarunsa a aiki. Wasu suna karɓar dunƙule, wasu kuɗin kowane zama, wasu kaso daga abin da aka karɓo, kuma wannan na ƙarshe halas ne a shari'ar da ba ta laifi ba. Kuɗin kowane zama shi ne wanda na fi shakka, domin duk ɗage shari'a riba ce ga mai karɓarsa. Kamfanin da ke ba da kaya bashi kullum gara ya ɗauki lauya na shekara, wanda zai duba takardu kafin a loda mota. Bashin miliyan 15 ba ya buƙatar babban lauya mai lambar SAN. Ƙungiyar lauyoyi tana da rassa a Kaduna, Barnawa, Zariya da Kafanchan, kuma kowane lauya na gaskiya yana da hatiminsa na ƙungiyar da yake mannawa a takarda.

Duk yadda aka shirya, a rubuta: nawa ne, me ya ƙunsa, ɗaukaka ƙara tana ciki ko daban take, wa zai biya kuɗin shigar da takardu da na kai sammaci. A kuma rubuta inda kuɗin da aka karɓo za su shiga. Doka ta ce lauya ya ajiye kuɗin wanda yake wakilta a asusu daban da nasa, wanda ya haɗa su ko ya riƙe su kuwa ana kai ƙararsa kwamitin ladabtar da lauyoyi, wanda ke da ikon cire sunansa daga rajista.